Yatsan da Na Bari Babu Lalle

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ƙanwata Luba, wadda na goya har bayana ya saba da nauyinta.

Assalamu alaikum. Ina fata motar da kika shiga ta sauke ki Boɗinga lafiya, kuma kin sami Gwaggo Ige da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare ki a aji da bakin murhu, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Ina rubuta takardar nan yau Juma'a da hantsi, kina can kina zagaya gidajen dangi kina sallama. A cikin farin hijabinki na makaranta zan naɗe ta, don haka sai kin buɗe akwati za ki gan ta. Ki nemi wuri ki zauna, tana da tsawo. Abin da bakina ya kasa faɗa shekara biyu ba zai shiga shafi ɗaya ba.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Kaka. Ranar da 'yan ajinmu suka tafi Shagari rubuta jarrabawar shiga sakandare, ni na ce ba na zuwa. Duk garinmu Horo Birni an ɗauka tsoron mutane ne ya hana ni. Baba ma haka ya ɗauka, har yau. Ba haka ba ne, Luba. Babu abin da nake so a lokacin kamar in je. Yatsana ne ya kumbura har ba na iya riƙe fensir, kuma ni da kaina na ɓoye shi.

Jiya da na yi miki ƙunshin tafiya, na rufe yatsunki tara da lalle, na bar manuniyar hannunki na dama fara. Kika ɓata rai kika ce, "Yaya Kulu, mi na yi maki? So kike 'yan Boɗinga su yi man dariya?" Na ce miki lallen ne ya ƙare. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. Ragowarsa na nan cikin ƙoƙo a bayan randa. Da na kama hannunki sai na ga gefen ƙumbar yatsan nan ya yi ja, ya ɗan tasa, da na taɓa kuma kika janye kina dariya don kada in gane. Na san wannan dariyar, irin tawa ce. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Kaka da maƙwabta zaune, maganar ta koma ciki. Shi ya sa na ɗauki biro.

Tun da Inna ta rasu, ina da shekara tara kina da shida, ni ke yi miki wanka da kitso, ni ke sanin ranar da ba ki ci tuwo ba. Na san ban haife ki ba. Amma ki ba ni aron hankalinki kamar yadda za ki ba Inna da tana nan. Ba wayo zan koya miki ba, ba ni da shi da yawa. Wautar da na yi zan faɗa miki, ke kuma ki tsallake.

Ta farko daga bakina ta fito. Kin san yadda nake idan baƙo ya shigo, ko malami ya kira sunana: kai a ƙasa, yatsa a baki. Ba ƙumbar kaɗai nake ci ba, har 'yar fatar nan ta gefe da takan ɗago, sai in kama ta da haƙori in ja har jini ya fito. Kaka ta yi faɗa ta gaji. Takan ce, "Ke ɗiyag ga, tuwo munka hana maki da kika cin akaifa?" Ta shafa mini ruwan maɗaci a yatsu, na saba da ɗacin.

Daga baya na gane amfanin wannan 'yar fatar. Malamar asibitin da ta yi mini magani a Shagari ita ta nuna mini a nata hannun. Ta ce fatar da ta kewaye ƙumba kamar yaɓen bakin rumbu take, muddin tana liƙe babu abin da zai shiga. Ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna nan a bakinmu, da fatarmu, da ƙasar da muke taɓawa, amma ba su da hanya sai an buɗe musu. Haƙori yana buɗewa. Reza tana buɗewa idan aka yanke ƙumba har cikin nama. Haka ƙaya, da sartsen kara, da allurar ɗinki.

Na lura kin fara irin nawa tun ranar da aka ce za ki Boɗinga. Idan fata ta ɗago, kada ki ja ta. Na sa miki sabon abin yankan ƙumba a aljihun akwati, ki datse ta da shi. Kada ki ba kowa aro, ke ma kada ki ari na kowa. Idan kunya ta kama ki a gaban malami, ki kama gefen hijabinki ki murza. Ni yanzu haka nake yi. Duk hijabaina sun yamutse ta gefe ɗaya, amma yatsuna goma lafiya lau.

Wauta ta biyu ita ce babba.

Saura mako biyu jarrabawa, hedimasta ya tashe ni in yi karatu a gaban aji. Na karanta daidai, amma kafin in zauna na ciji gefen manuniyata har ta yi jini. Kwana biyu wurin ya yi ja, ya yi zafi. Rana ta uku ya fara zogi, yana bugawa kamar yana da zuciyarsa daban. Da a ranar na nuna wa Kaka, da ruwan ɗumi da gishiri kaɗai sun ishe ni. Amma na tuna faɗan da za ta yi, na kuma tuna duk matar da ta shigo gidanmu sai an kira ni an nuna mata. Sai na kwaɓa lalle na yi wa kaina ƙunshi hannu biyu, ba biki ba salla. Na sha jin mata suna cewa lalle yana sanyaya yatsa mai ciwo. Ni dai gaskiya ba sanyi nake nema ba. So nake ja ya ɓace cikin ja.

Ya kuwa ɓace. Kaka ta ga hannuna ta ce, "To, yau kuma gidan wa aka buki ba a gaya man ba?" Ke ma kika yi ta roƙo a yi miki. Ba wanda ya lura da komai, ciwon kuwa yana ƙasa yana aikinsa. Da ya matsa mini, na huda lemun tsami na tura yatsan ciki kamar yadda na ga ana yi. Na tsoma shi cikin kananzir. Raɗaɗi kawai na ƙara wa kaina, fatar ta saɓule. Da hagu nake tuƙa tuwo, idan kuma ina gaban mutane hannun yana cikin hijabi.

Ranar jarrabawa da safe na shiga ɗaki da fensir da guntuwar takarda don in gwada. Yatsan ya kai girman ƙaramar gauta. Harafin farko na sunana ban iya gamawa ba, fensirin ya faɗi, idona ya yi duhu. Motar da za ta kwashi 'yan aji tana tsaye a bakin makaranta. Baba ya sa babbar rigarsa don ya raka ni, ya zo ya tsaya a tsakar gida.

"Kulu, hito mana, ana jiranmu."

Na ce daga bayan labule, "Ba ni zuwa."

"Don mi?"

Na ƙara tura hannuna cikin hijabi.

"Wani yat taɓa ki? Ko ba ki da lahiya?"

Kin ji fa, Luba, shi da kansa ya tambaya. Hannu kawai zan miƙo ta gefen labule. Sai na ce, "Lahiyata lau. Mutane sun yi yawa can."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire rigar ya ninke, ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya kayar da ni ina ɗauke da ƙwaryar gari. Kaka ta fizgo hannuna daga hijabi, ta yi salati. "Kakkare na. Tun yaushe?" Na ce tun jiya. Shi ya sa har yau ba wanda ya haɗa ciwon da jarrabawar.

A asibiti malamar ta sa Kaka ta jira a waje. Ta dubi yatsan, ta dube ni.

"Wanga ba ciwon jiya ba ne. Wa yay yi maki ƙunshin ga?"

Na ce ni.

"Kin iya ƙunshi kam. Amma kin rufe wa kakarki ido, ni ma kin rufe man. Da ja muke gane inda ciwo ya kai."

Ta yi mini allurar kashe zafi, ta tsaga wurin, mugunya ta fita. Ta ce daga gefen ƙumba ya fara, ya bi ƙarƙashinta, ya soma gangarawa cikin tsokar yatsa, wanda idan ya kai nan shi ne ake kira ɗan karkare. Ta ce da na ƙara kwanaki da ya taɓa ƙashi, wanda ya taɓa ƙashi kuwa wani lokaci sai an datse gaɓa. Ƙumbata ta fita gaba ɗaya. Sai da aka yi wata shida sabuwa ta rufe, ita ce wannan mai ɗan karkacewa da kike tsokanata da ita.

Wannan shi ne iri na farko, mai zuwa da gudu. Yatsa ɗaya yakan kama, cikin kwana biyu ko uku ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura. Naki yana matakin farko, shi ya sa na bar shi fari, don ke da Gwaggo ku riƙa ganin abin da yake yi. Ki ɗumama ruwa, ba mai ƙuna ba, ki zuba gishiri kaɗan, ki tsoma yatsan kamar minti goma sha biyar. Don kada ki manta, ki riƙa yi bayan salla: asuba, azahar, la'asar, magariba. Ki tsane shi da ƙyalle mai tsabta. Ban da lalle, ban da lemun tsami, ban da kananzir, ban da matsawa. Idan kwana biyu suka wuce bai sauka ba, ko kika ga ya yi farin ido alamar mugunya ta taru, ko zogi ya hana ki sakewa, to ya wuce ruwan gishiri, asibiti ne. Ga kalmomin nan na rubuta miki, ki haddace: "Gwaggo, dubi hannuna." Uku ne kacal. Irinsu na kasa faɗa suka ci mini shekara biyu.

Iri na biyu ba ya gudu, sanɗa yake yi, kuma shi ma sai da ya same ni.

Bayan na warke, tunda babu makaranta, aikin gida ya dawo kaina gaba ɗaya. Lokacin albasa ya zo, Baba yana kawo lawashi buhu-buhu daga fadama, muna dakawa, muna dunƙula gabu da hannu muna shanyawa. Daga turmi in koma wanke-wanke, daga nan wanki. Hannuna ba ya bushewa tun safe har magariba. Sai na ga gindin ƙumbuna uku ya ɗan kumbura. Ba zogi sosai, sai ƙaiƙayi, da raɗaɗi idan ruwan albasa ya shiga. 'Yar fatar da ke liƙe da ƙumba ta ɓace, wurin ya buɗe kamar ƙaramin aljihu. Ƙumbar ta fara fitowa da layi-layi, launinta ya dushe.

Na ɗauka na farkon ne ya dawo da 'yan'uwansa. Tsoro ya kama ni, ranar kasuwa na sayi kafso wurin mai tallan magani, ina buɗewa ina barbaɗa garin a kai, ina ɗaurewa da tsumma. Tsumman ya jiƙe ya wuni a jiƙe. Mako shida ina haka, abin sai gaba yake yi. Amma a wannan karon na yi abu ɗaya daidai. Ranar da Kaka za ta Shagari awon jini na ce zan raka ta. Na nemi malamar nan, na miƙa mata hannuna da kaina, ko da yake ban iya ɗago kai ba.

Ta ce, "Ke ce mai ƙunshi ko? Yau babu lalle. Mun ci gaba."

Ta ce wannan daban yake da wancan. Ruwa da sabulu da ruwan albasa ne suka cinye yaɓen a hankali, danshi ya samu wurin kwana, sai wani abu dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da aka rufe ya zauna a ciki. Garin kafso ba ya yi masa komai. Babban maganinsa bushewa.

Na ce a hankali, "Alwalla hwa?"

Ta yi dariya. "Ban hana ki alwalla ba, kada ki haɗa ni da malamai. Ki yi, ki tsane hannu. Da wanke-wanken awa biyu nike faɗa."

Ta rubuta mini man shafawa, ta ce in riƙa sa safar hannu ta roba idan zan daɗe cikin ruwa, in na gama in shafa man kaɗe. Ranar farko da na sa safar, matan gidanmu suka yi ta dariya, wai likita ta fito wanke-wanke. Na ji kamar in nutse. Amma ban cire ba. Sai da aka yi wata uku fatar ta koma ta liƙe.

Ina gaya miki wannan ne saboda na san gidan da za ki. Gwaggo koko da ƙosai take sayarwa, tatar gasara da wankin wake kuwa ke za su jira idan kin dawo makaranta. Ban ce ki ƙi aiki ba, kada in ji an ce ɗiyar da Kulu ta rena raguwa ce. Ki yi aikinki da safar da na sa miki a ƙasan akwati. Idan kin gama ki juya cikinta waje ki shanya, domin safa mai danshi ta fi rashinta illa. Za su yi dariya kwana uku su gaji. Ki riƙa duban hannun Gwaggo ma. Tana da ciwon suga, malama kuma ta ce masu shi ƙaramin rauni yakan zame musu babba.

Akwai wautar da ba a jikina na yi ta ba, a naki ne, kuma ina neman gafararki. Kina aji uku na yanke miki ƙumbar babban yatsan ƙafa da reza, na zagaye gefunan sosai don ta yi kyau. Da ta tsiro sai kusurwar ta soki nama, ga takalmin salla ya matse ki. Wurin ya kumbura ya yi ruwa, kika yi mako biyu kina ɗingishi, ni kuma na bar ki kina tsammanin tuntuɓe kika yi. Ni ce. Ƙumbar ƙafa a miƙe ake yanke ta, a bar kusurwoyin su ɗan fito. Takalmin makarantar nan da kika ce ya yi miki kamar kwalekwale, ni na roƙi Kaka ta sa Baba ya ƙaro lamba ɗaya.

Akwai kuma wani iri da ban taɓa gani ba, malama ce ta faɗa mini. Ƙananan ƙuraje ne masu farin ruwa, sukan taru wuri ɗaya a kan yatsa, dangin waɗanda ke fitowa a gefen baki bayan zazzaɓi. Ta ce wannan ba a huda shi sam, hudawa yaɗa shi take yi. A rufe shi, a kai asibiti su duba.

Yanzu bari in ba ki labarin ranar da na fi so a rayuwata. Kina makaranta a ranar. Kin ji shi a bakin Kaka, amma Kaka ba ta cikin zauren.

Kin tuna bara da Baba ya ba masu yankan ƙumba na kasuwa hannunsa, aka yanke masa ƙumbar babban yatsa har cikin nama, washegari kuma ya shiga dashen albasa cikin laka. Kwana huɗu yatsan ya zama abin da ya zama. Baba ya ce ba shi da lokacin asibiti ana dashe, ya aika a kira abokinsa Baffa Mudi wanzami ya tsaga masa. Bayan azahar Baffa ya zo da zabirarsa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, ga wasu maza biyu zaune. Aka ce in kawo ruwa.

Na durƙusa na ajiye ƙoƙon. Baba ya naɗe hannun rigarsa. Sai na ga wani jan layi siriri a cikin hannun, inda fata ta fi haske, ya taso daga gindin yatsan ya wuce wuyan hannu. Ga rana tana zafi amma Baba yana rawar sanyi. Malama ta taɓa ce mini, duk ranar da na ga jan layi ya hau hannu, ko zazzaɓi ya biyo kumburi, kada a jira gobe.

"To, tashi ki ba mu wuri," in ji Baba.

Ban tashi ba. Na kama gefen hijabina na murza har yatsuna suka yi zafi.

"Baba, kada a tsaga nan."

Baffa Mudi ya ajiye askar da yake wasawa, ya dubi Baba.

"Ashe tana magana? Garba, ni na yi wa ɗiyag ga askin suna, kuma tun kukan ranan nan ban ƙara jin muryatta ba."

Mazan suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "Mi kinka ce?"

"Ku dubi layin ga. Malama ta ce in an ga haka, ciwon ya bar yatsa ya kama hanya cikin jiki. Ko an tsaga ba ya tsayawa. Asibiti za a tahi, yau."

"Irin albasa na jiƙe bakin rijiya, ki ce in tahi Shagari?"

Na ce, "Na san shi, Baba. Na taɓa barin nawa ya kwana, na ga abin da yac ci man."

Baffa Mudi bai ƙara dariya ba. Ya kama hannun Baba ya juya shi wajen hasken ƙofa, ya bi layin da ido. Ya sa yatsa ya danna masa hammata, Baba ya zabura.

"Har kaluluwa ta sauka. Garba, wanga ya hi ƙarhin askata. Mu huɗu da gemu, yarinya ta hi mu gani. Tashi."

Ya rufe zabirarsa, shi da kansa ya ɗauki Baba a babur. Kwana biyu Baba ya yi a gadon asibiti ana yi masa allurai, ya dawo gida da yatsunsa goma, albasa kuma ta yi kyau a shekarar. Ni kuwa bayan sun tafi na koma bayan rumbu na zauna, ina dariya ni kaɗai ina share hawaye. Na yi magana a zaure, gaban maza huɗu, kuma an ji.

Tun daga ranar, duk inda Baffa Mudi ya gan ni sai ya ɗaga murya, "Likita, an tashi lahiya?" Ina amsawa yanzu. Mata sukan kawo mini yatsun 'ya'yansu in duba. Ba na tsagawa, ba na ba da magani, ban kai nan ba. Nakan ce wannan ruwan gishiri ne, wannan bushewa yake so, wannan kuwa ku kama hanyar Shagari tun rana ba ta yi ba.

Ranar da Baba ya dawo, na kai masa fura, ya dube ni ya ce, "Kulu, da kin yarda kin tahi jarrabawan nan, da yanzu..." Bai ƙarasa ba. Amma maganar ta zauna mini.

To, Luba, abin da nake da shi ke nan. Ke kin je jarrabawarki kin ci, kin fid da mu kunya, ranar da sakamako ya zo har guɗa na yi a cikin ɗaki, ba ki ji ba ne. Da wannan yatsan za ki rubuta duk abin da za a koya miki. Kada ki bari 'yar fata da ba ta kai ƙwayar gero ba ta raba ki da aji. Idan ya warke sarai kika zo hutu, ragowar lallen yana jiranki, zan yi masa ƙunshin da ya fi na sauran taran.

Ki gaishe mini da Gwaggo Ige da kyau, ki durƙusa idan za ki gaishe ta, ki riƙe sallarki a kan lokaci. Kaka tana sa miki albarka ko da tana faɗa. Allah Ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, Ya kare jikinki daga ciwon da ake gani da wanda ake ɓoyewa, Ya ba ki bakin faɗar abin da ke damunki. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta. Ya dawo mana da ke lafiya, amin.

Taki har kullum,
Yayarki Kulu.

Na ninke takardar na sake buɗewa, don saura abu ɗaya. Ranar Laraba da na ce zan je sayen lalle, makarantarmu na fara biyawa. Na tsaya a gaban hedimasta, hannuna biyu a waje, na ce ina so a sa sunana cikin masu jarrabawa mai zuwa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ba za ki ce mutane sun yi yawa ba?" Na ce ko sun cika Shagari. Ya rubuta. Zan riƙa zama a bayan 'yan aji shida ina bita, amma ya ce sai Baba ya zo ya sa hannu. Gobe idan motarki ta tashi, a hanyarmu ta dawowa daga tasha, zan nuna wa Baba karkatacciyar ƙumbata in faɗa masa komai tun daga farko. Shi ba takarda zan rubuta masa ba, da bakina zan faɗa.

Ki adana littattafanki na aji ɗaya, kada ki yage ko shafi guda. Baɗi ina bukatarsu.